Yadda ake juya babban tsibin taki da kula da shi a Legas

Duk wanda ya taso a Arewa ya san yadda muke yi da taki. A share turke ko garke, a tara a bayan gida, rana ta busar da shi, gab da damina a kwashe a kai gona. Mai lambun da ya sauko Legas da wannan al'adar ba ya daɗewa yake gane cewa gari ya bambanta. Ruwan da ke sauka a nan cikin shekara ya kai kusan ninki biyu na Kano, iskar ma kullum a jiƙe take, kuma a wajajen Ojo da hanyar Badagry ƙasar rairayi ce, ruwa na kusa da sama. Tsibin da aka tara aka juya masa baya sai ya caɓe, ya yi ɗoyi, ya tara ƙuda, maƙwabta su fara magana. Ga shi kuwa babu ƙasar da ta fi rairayi bukatar taki, domin duk abin da ka zuba mata, ruwa ko takin zamani, zarcewa ƙasa yake yi ya bar saiwa da yunwa.

Shekarata ta farko rami na haƙa na zuba komai a ciki, kamar yadda na ga ana yi a gida don kada danshi ya gudu. Ruwan Yuni ya cika ramin, kayan suka koma baƙin taɓo mai wari, wahalar wata biyu ta tafi a banza. Wani dattijo da ke lambu kusa da nawa ya leƙo ya ce, "Ɗana, a garin nan taki sama yake zama, kuma iska yake nema fiye da ruwa." Na ce, "To, Baba, na ji." Abin da zan bayyana a nan daga wannan maganar ya samo tushe.

Wurin da za a ɗora

Nemi inda ya fi tudu a lambun, inda ruwa ba ya kwanciya. In babu tudu, yi shi da kanka: tara ƙasa ta kai tsayin taƙi guda, ka daddaɓe, ka ja 'yar hanyar ruwa ta kewaye ta. Ya yi nesa da rijiyar da kake ban ruwa da ita, musamman in ana sha, saboda ruwan da ke tsatsowa daga ɗanyen taki yana ratsa rairayi da sauri.

Wurin ya zama ninki biyu na girman tsibin. Mutane da yawa a nan suke kuskure. Babban tsibi ba a juya shi a inda yake, ɗauke shi ake yi daga wannan gefe a sake gina shi a wancan. In ka matse shi a lungu tsakanin katanga da komayen alayyafo, ranar juyi ba ka da inda za ka zuba, daga nan sai kasala ta shigo.

Kayan haɗi

Kayan iri biyu ne. Akwai ɗanye mai ruwa, wanda ke ɗauke da sinadarin naitirojin, shi ke kunna zafi. Akwai busasshe mai yawan sinadarin kabon, shi ke shanye ruwa ya bar wa iska hanya. Masana sun ce haɗin ya fi kyau in kabon ya kai kashi 25 zuwa 30 a kan kashi 1 na naitirojin, amma a lambu da baro muke awo.

Ɗanyen kaya ba ya wuya a Legas. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Mile 12 da safe ya ga abin da 'yan gwari ke zubarwa in motocin Arewa sun sauke: fasasshen tumatir, ganyen kabeji, lawashi, ɓawon kankana. Raina yana ɓaci in na tuna yawancinsa bola za a kai, alhali lambunanmu na kukan taki. Akwai kashin tumaki da awaki a kasuwannin dabbobi, akwai kashin shanu da abin da ake zazzagewa daga tumbi a mayankar Oko-Oba ta Agege, akwai kashin kaji a gonakin kaji na wajen Ikorodu da Epe. Kashin kaji ya fi kowanne ƙarfi, don haka kaɗan ake sawa.

Busasshen kaya ne ke ba da wahala, musamman da damina. Tun daga Disamba zuwa Fabrairu ka riƙa tara busasshen ganye da ciyawar da aka yanke ta bushe, ka ɗura a buhu ka ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Kwali marar leda a jiki yana yi in an yayyaga shi. Garin katako na wurin masu yankan katako yana shan ruwa sosai, amma a yi hankali da shi: kabon ɗinsa ya yi yawa ƙwarai, in ya rinjayi haɗin tsibin ba zai yi zafi ba, kuma zai daɗe bai nuna ba. Kada a karɓi na katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin gara.

Awon da ya karɓe ni shi ne baro 2 na kayan kasuwa, baro 1 na kashin dabba, baro 2 zuwa 3 na busasshen ganye da ciyawa, sai rabin baro na garin katako. In kashin kajin da ka samo a gauraye yake da shimfiɗar katako, ka bar garin katakon gaba ɗaya.

Abin da ba ya shiga: nama, jini, kifi, mai, kashin kare ko kyanwa, da laka daga cikin kwata. Saiwar tofa da ƙiri-ƙiri da 'ya'yan aya-aya su ma a ware su, a shanya su a rana su mutu murus tukuna. Kayan kasuwa kuwa sai an zauna an tsince leda, ledar ruwa, murfin kwalba da batir. Aiki ne mai gundura, amma tsintar leda yau ta fi sauƙi a kan tsintarta a cikin komin latas.

Ɗorawa

Fara da shimfiɗa kara, ƙananan rassa ko tsofaffin kwandunan tumatir da aka farfasa, kaurin taƙi guda, don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Sai busasshe, sai ɗanye, sai kashin dabba, haka bi da bi, kowane hawa bai wuce taƙi ba. Duk abu mai kauri, kamar kan kabeji ko jijiyar ganyen ayaba, a daddatsa shi da adda. Faɗin ya zama kamar mita 2, tsayin mita 1 da rabi, tsawon kuwa gwargwadon kayanka. In bai kai mita 1 ta kowane gefe ba, ba zai riƙe zafi ba. In ya wuce mita 1 da rabi a tsayi, nauyin sama zai danne ƙasa ya kore iska. Kada a hau a tattaka. Hawa na ƙarshe ya zama busasshe, don ƙuda kada ya ga abin sauka.

Ka yi ƙoƙari ka gama ɗorawa cikin kwana 2 ko 3. Tsibin da ake ƙara masa kaɗan-kaɗan har wata guda ba ya ɗaukar zafi yadda ya kamata. Kayan da suka zo daga baya, a fara sabon tsibi da su.

Rufi a Legas wajibi ne. Tamfol ya fi, amma kada ya kwanta a jikin takin ya shaƙe shi. Gitta gora a sama kamar rufin ɗaki, ka yafa tamfol ɗin a kai, ka bar gefe a buɗe. Ganyen kwakwar manja ko na ayaba ma yana tare ruwa in an jera shi da kyau.

Yadda ake sanin lokacin juyi

Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cin kayan, kuma cin nasu ne ke kawo zafi. Da iska suke numfashi kamar mu. Cikin kwana 2 zuwa 4 tsakiyar tsibin ya kamata ta kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Selsiyas. Wannan zafin ne ke kashe 'ya'yan ciyawa da ƙwayoyin cutar da ke cikin kashin dabba, kuma ga mai sayar da latas da kabeji da ake ci ɗanye, wannan amana ce a wuyansa. In zafin ya haura digiri 70, halittun su kansu mutuwa suke fara yi.

Wanda ke da ma'aunin zafi mai dogon tsinke ya huta. Wanda ba shi da shi ya samu rodi mai tsawon mita 1 da rabi, ya soka shi har tsakiya, ya bar shi minti 10, ya zaro ya kama bakin. In ba ka iya riƙe shi fiye da ɗan lokaci kaɗan, tsibi na aiki. In ɗumi ne kawai kamar jikin mutum, ko bai tashi ba ko ya fara sauka. In rodin ya fito da yauƙi da wari, ruwa ya yi yawa. Ka gwada wuri 3 ko 4, domin dogon tsibi yakan yi zafi a kai ɗaya, ɗaya kan yana sanyi. Ni kullum da safe nake yi kafin in ɗauki butar ban ruwa.

Ka'idar da nake bi ita ce: in zafi ya hau ya tsaya, sannan ya fara sauka kwana biyu a jere, iskar ciki ta ƙare, a juya. In ya yi tsanani har rodi ba ya taɓuwa sam, a juya don ya huce. In ya yi ɗoyi, a juya ranar, ko jiya aka juya shi.

Juyin kansa

Tsibi mai tsawon mita 5 nauyinsa na iya kai tan 4 ko fiye, don haka a shirya masa. Mutum biyu ko uku, bayan asuba kafin rana ta yi zafi, a ranar da ba hadari. Shebur mai yatsu shi ne kayan aikin, domin shebur na yau da kullum ba ya shiga ciyawar da ta sarƙe. A haɗa da manjagara, baro, adda, ruwa a kusa, da buhunan busasshen ganye 2 ko 3 a gefe. A sa takalmin roba da safar hannu, a ɗaure hanci da ƙyalle, don ƙurar funfuna na tashi kuma tana kama ƙirji. Mai asma ya bar wa wani wannan aikin. Kafin a sa hannu a bubbuga gefen tsibin da sanda, maciji na son ɗumi.

Da farko yaye tamfol, ka shimfiɗa sabon kara a wurin da ba kowa. Sai ka bi tsohon tsibin da manjagara ka ɓare bayansa, sama da gefe, kaurin taƙi guda. Wannan ɓawon bai ga zafi ba, 'ya'yan ciyawar da ke cikinsa da ransu, ƙwayoyin cuta ma haka. Tara shi gefe guda. Dalilin juyi ke nan gaba ɗaya: na waje ya koma ciki ya dahu, na ciki ya fito waje. Wanda ya kwashe tsibi ya jibge shi yadda ya zo, gumi kawai ya yi.

Daga nan fara ɗibar na cikin, mai zafi mai tururi, ka shimfiɗa hawa ɗaya a kan sabon karan. Zuba ɓawon da ka tara a tsakiya, ka ci gaba da lulluɓe shi da mai zafin ta gefe da sama. Kowane ɗiba ka girgiza shi a iska ya warwatse kafin ya sauka, kada ya faɗi dunƙule. Ganyen kabeji da ɗanyar ciyawa sukan manne su zama kamar tabarma mai santsi. Yage su da yatsun shebur, ka barbaɗa musu busasshen ganye. Kada ka kai kan dogon tsibi gaba ɗaya lokaci guda. Ɗauki mita 1, ka gama da ita, ka matsa gaba. Ko ruwa ya tsinke a tsakiyar aiki, abin da ke buɗe kaɗan ne.

Ƙasan tsohon tsibin shi ne inda matsala ke ɓuya. A Legas kusan kullum za ka same shi baƙi, a jiƙe sharkaf, yana tsami. Kada ka mayar da shi ƙasa. Gauraya shi da busasshen kaya ka ɗora shi can sama inda zai sha iska.

Duk bayan 'yan ɗiba, damƙi takin a hannu ka matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya jiƙe da yawa, ƙara busasshe. In ka buɗe hannu ya wargaje kamar gari, ya bushe, yayyafa ruwa a kan wannan hawan kafin ka ɗora na gaba. Daidai shi ne ya dunƙule, tafin hannu ya yi danshi, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, kamar tsumman da aka matse. Ruwa a lokacin juyi ake ba da shi, hawa-hawa, domin wanda aka kwara daga sama bayan an gama gangarewa yake yi ta gefe, cikin ya zauna a bushe. Masu lambu kusa da gaɓar teku su ɗanɗana ruwan rijiyarsu. In da gishiri-gishiri, gara a tari ruwan sama a duro don wannan aikin.

Siffar saman ma da lokacinta. Da damina a yi shi da tsini kamar jinka don ruwa ya zame. Da rani, musamman in hunturu ya ɗan leƙo a Disamba da Janairu, a baje saman da 'yar kwarmi don ya riƙe abin da aka ba shi. Kayan na raguwa da kowane juyi, to ka rage tsawon tsibin ka riƙe tsayinsa. Wanda ya bar shi ya baje ƙasa-ƙasa zai rasa zafi. Wasu kan kafa gora 3 ko 4 a tsaye suna gini a kewaye, in sun gama su zare, ramukan su zama hanyar iska. Yana taimakawa sosai a watannin ruwa.

In juyin ya yi kyau, washegari ko jibi zafi zai dawo.

Sau nawa

Akwai hanyar gaggawa da ake bari kwana 4 sannan a riƙa juyawa duk bayan kwana 2, a samu taki cikin kamar kwana 18. Tana yi ga ƙaramin tsibi da aka daddatsa kayansa ƙanana. Ga mai tan 4 da komaye na jiran ban ruwa, ban ga mai iya ta ba. Abin da na ga ya dace shi ne juyin farko tsakanin kwana 5 da 7, sannan kusan mako-mako har sau 4 ko 5, rodi na nuna maka ko ka gaggauta ko ka jinkirta. A Amurka ka'idar masu yin dogon tsibi ita ce zafin ya tsaya a digiri 55 ko sama har kwana 15, a juya sau 5 a ciki, don kowane ɓangare ya ratsa tsakiya. Mai sa kashin dabba ya riƙe wannan a ransa.

Daga Mayu zuwa Yuli samun ranar juyi kan yi wuya. Ɗan tsagaitawar ruwa ta Agusta dama ce, kada ta wuce ka. Tsibin da aka ɗora a Nuwamba kuwa shi ya fi sauƙin sarrafawa.

In ya ɓaci

Hanci ne ke fara sanar da kai. Zarni mai hawa ido yana nufin kashin kaji ko ɗanyen kaya ya yi yawa, kuma ƙarfin takin ne ke tashi sama yana barinka, sai a juya a ƙara busasshe. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya toshe iska. Wannan a baje shi a rana wuni guda in sama ta yarda, a gauraya da ganye, a sake ginawa sakwa-sakwa. Tsibin da ya ƙi zafi alhali da danshi, kabon ya rinjaya, a ƙara kashin dabba ko sabuwar ciyawa. In ka tarar da fari-fari kamar toka a ciki kuma wurin a bushe, zafi ya ƙone danshin, ruwa yake so. Tururuwa ko kiyashi in sun yi gida, shi ma alamar bushewa ce.

Toka kuwa, mun saba zuba ta a juji, amma a tsibi mai zafi tana ƙara korar naitirojin. A bari sai ya nuna a barbaɗa kaɗan.

Manyan tsutsotsi masu kauri da launin toka da kan cika kayan kasuwa kada su tsorata ka. 'Ya'yan wani baƙin ƙuda ne da ba ya damun mutane, cin ruɓaɓɓen kaya suke yi, kaji kuma na son su. Ɓera da gafiya ne abin damuwa, kuma sukan zo ne in an sa ragowar abinci ko an daɗe ba a juya ba.

Nuna da amfani

Bayan mako 6 zuwa 8 za ka juya zafi ya ƙi dawowa. Tsibin ya ragu kusan rabi, ya yi duhu, ba ka gane tumatir daga kabeji. A nan mutane ke gaggawa su kwashe, shuka ta yi rawaya su rasa dalili. Bai gama ba. Rufe shi ka bar shi mako 4 ko fiye, da ɗan danshi, ba juyi. A wannan zaman tana da ƙadandoniya ke shigowa, kuma warin ya koma ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko.

Gwaji biyu ne masu sauƙi. Ɗaure ɗan jiƙaƙƙen taki a leda kwana 3, in ka kwance ka ji tsami ko zarni, a ƙara masa lokaci. Na biyu, cika gwangwani da takin rabi da ƙasa rabi, wani gwangwanin da ƙasa zalla, ka shuka ƙwayar wake 10 a kowanne. In na takin ya tsiro daidai da ɗan'uwansa, ganye kore shar, ya nuna.

Tankaɗe shi da rariyar waya da aka kafa a katako, a jingine a kan baro. Guntayen itace da duk abin da bai wuce ba a ajiye su don sabon tsibi, suna ɗauke da halittun da za su tayar da shi da wuri. Gwazarmar da ka gani ka tsince wa kaji. A rairayi ina zuba bokiti 2 a kowace murabba'in mita, in cakuɗa da fartanya a saman ƙasa, zurfin da bai wuce taƙi ba, kwana kaɗan kafin dashe. Alayyafo, lalo da ugu da ake yanka suna sake tohowa, a ƙara musu tafi ɗaya-ɗaya a gindi bayan kowane yanka. Wanda ya rage a ɗura a buhu, a ɗora kan katako a ƙarƙashin rumfa, kada ruwan Satumba ya wanke shi.